Amsoshin Tambayoyinku: Shekara 14 Ban Ja Tsarkiya Ba, Wane Baka Zan Saya?

Tambaya: Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. A da nakan yi farautar barewa da baka mai tayoyi, wanda ake kira kwamfawun, amma hidimar iyali da aiki suka sa na ajiye har shekara 14. Yanzu ina da shekara 52, yara sun tasa, ina so in koma daji. Tsohon bakana mai nauyin ja laba 70 yana nan a gareji. Na leƙa shago, farashi da sunaye suka ruɗa ni. Abin da na tanada bai wuce dala 1,000 ba. In gyara tsohon ne ko in sayi sabo? Sannan naman da kibiya ta kashe ya halatta a ci? Daga mai karatu a Ohio.

Amsa: Kafin komai, don Allah kada ka ɗauko bakan nan ka ja shi don ka ji ko yana nan da ƙarfinsa. Tsarkiyar da ake amfani da ita ma akan canza ta duk shekara 2 ko 3, balle wadda ta sha zafi da sanyin gareji shekara 14 a ɗaure tamau. In ta tsinke a hannunka, fuska da ido take nema. Ka kai shi shagon masu gyaran baka su ɗora shi a matsi, su duba fukafukansa ko akwai tsagewa, su duba tayoyin ko sun lanƙwashe. In lafiyarsa ƙalau, sabuwar tsarkiya da kuɗin aiki za su haura dala 100, kuma zai kashe barewa kamar yadda ya yi a da. Barewar ba ta canza ba.

Kai ne ka canza, kuma a nan amsar take. Bakan da ke garejinka an saye shi ne don kafaɗar mai shekara 38 da ke harbi kowane mako. Shi ya sa nake ganin sabo ya fi maka, ba don tsohon ya lalace ba.

Bari in tuna maka yadda abin yake aiki, don ka san abin da kuɗinka ke saya. Holless Wilbur Allen, mutumin jihar Mizuri, shi ya nemi rajistar wannan ƙirƙira a 1966, aka ba shi a 1969. Dabararsa ita ce tayoyin da ke bakin fukafukan ba a tsakiya ƙusarsu take ba. Kana fara ja nauyi na hauhawa, ya kai ƙololuwa, sai tayoyin su juya nauyin ya zube, ka riƙe kaɗan kawai yayin da kake saiti. Bakan gargajiya irin na maharban gida akasin haka yake, iya janka iya nauyin da ke kan yatsunka. Bakunan da suka daɗe da yawa suna sauke kashi 65 cikin ɗari, wato a laba 70 kana riƙe da kusan laba 25. Na yanzu suna sauke kashi 80 zuwa 90. Baka mai laba 55 da ke sauke kashi 80, laba 11 kawai za ka riƙe. Ranar da barewa ta tsaya bayan reshe tana saurare, kai kuma ka riga ka ja, minti ɗaya zai nuna maka bambancin 25 da 11.

Nauyin ja shi ne inda maza ke yaudarar kansu. Dokar Ohio laba 40 ta gindaya a matsayin mafi ƙanƙanta ga farautar barewa, wato kilo 18 ke nan. Laba 70 ta kusa kilo 32. Tsakanin 50 da 60 ya ishi barewa mai farar wutsiya, kibiya ta shiga ta wannan haƙarƙari ta fita ta wancan. Ga gwajin da ba ya ƙarya: ka zauna a kujera, ka ɗaga ƙafafunka daga ƙasa, ka miƙa bakan ga abin hari, ka ja a hankali zuwa kusurwar bakinka. In sai ka ɗaga shi sama ko ka murɗa ƙugu kafin ya zo, ya fi ƙarfinka. Abin da ka ja da ƙyar a shago mai ɗumi ba zai jawu ba da asubar watan Nuwamba, bayan awa 3 kana zaune cikin rigunan sanyi, gaɓoɓi sun sandare. Yawancin bakuna suna da ƙusoshin da ke rage ko ƙara kusan laba 10, saboda haka ka nemi mai 50 zuwa 60, ka fara daga ƙasa. In kafaɗar ta ƙi sam, Ohio ta halatta baka mai gindin bindiga a duk lokacin farautar baka, kuma ba abin kunya ba ne.

Abin da ya fi nauyi muhimmanci, kuma mutane suka fi sakaci da shi, shi ne tsawon ja. Baka mai tayoyi yana da bango, inda ja ke tsayawa cak, dole bangon nan ya dace da jikinka. Ka buɗe hannuwanka, a auna daga kan yatsan tsakiya zuwa ɗaya, a raba da 2.5. Mai inci 70 zai faɗa a 28. Wannan mafari ne kawai, mai shago zai kalle ka a tsaye ya gyara. Kada ka dogara da lambar da ka tuna ta da, domin a wancan zamani mutane da yawa suna harbi da tsawon da ya zarce musu, kuma ɗan madaukin da ake ɗaurawa a tsarkiya yanzu yana matsar da hannu baya kusan rabin inci. In tsarkiya tana marin damtsenka, ko kanka yana karkata baya, tsawon ya yi yawa.

Sai zancen gudu, wanda ake rubutawa da manyan lambobi a jikin takarda. In ka ga ƙafa 340 a daƙiƙa, ka sani an auna shi ne da laba 70, tsawon inci 30 da kibiya mara nauyi mai giren 350. Kowane incin da ka gaza yana cin kusan ƙafa 10. A inci 28 da laba 55 da kibiyar farauta ta gaske, da wuya ka wuce 270. Kada wannan ya dame ka. Sauti yana tafiya fiye da ƙafa 1,100 a daƙiƙa, ƙarar tsarkiya tana riga kowace kibiya isa kunnen barewa, shi ya sa takan durƙusa kibiya ta wuce ta samanta. Bakan da ba ya ƙara ya fi mai gudu amfani. Ka zaɓi wanda tazarar tsarkiyarsa da mariƙi ta kai inci 6 da rabi zuwa 7, tsawonsa tsakanin ƙusoshin tayoyi inci 30 zuwa 33. Irin wannan yana yafe ƙananan kurakuran hannu.

Sunaye kuwa, Mathews na Wiskonsin, Hoyt na Yuta, Bowtech na Oregon, PSE na Arizona da Bear na Fulorida duk suna yin baka mai kyau. Manyan samfuransu sun haura dala 1,000 tsirara, babu saiti babu kwari, saboda haka ba naka ba ne bana. Ka dubi na tsakiya da ake sayarwa a haɗe da kayansu, irin Diamond da Mission da Bear Cruzer, waɗanda ake sauya musu tsawo da nauyi cikin sauƙi. Ka harba uku ko huɗu a shago, wanda ya zauna maka a hannu shi ne naka. Na hannu da ake sayarwa a intanet yana da araha, sai dai ba ka san ko an taɓa sakin tsarkiyarsa babu kibiya ba, abin da ke tsaga fukafuki a ɓoye, kuma garanti ba ya bin mai saye na biyu a mafi yawan kamfanoni.

Kusan rabin kuɗinka ka bar wa sauran kaya, kibau a gaba. Tsofaffin kibanka an zaɓe su ne don laba 70, za su yi wa sabon baka tauri. Lambar da ke jikin kibiya, 340 ko 400 ko 500, ma'aunin lanƙwasarta ce, ƙaramar lamba ta fi tauri, kuma kowane kamfani yana da jadawalin da ke haɗa ta da nauyin ja da tsawon kibiya. Cikakkiyar kibiya mai giren 400 zuwa 450, kusan giram 26 zuwa 29, ta yi daidai. Duk kibiyar kabon da za ka harba ka lanƙwasa ta kusa da kunne, in ka ji ƙas-ƙas ka karya ta ka zubar. Bakin kibiya iri biyu ne, mai tsayayyun wuƙaƙe da mai buɗewa in ya bugi nama. Ga laba 50 zuwa 55 ni mai tsayayyun nake zaɓa, mai giren 100, domin buɗewar tana cin ƙarfi. Ohio tana son baki mai kaifi aƙalla biyu, faɗinsa kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na inci.

Kunamar sakin tsarkiya mai ɗauri a tsintsiyar hannu ta ishe ka, da mazaunin kibiya mai gashin buroshi wanda ba ya barin kibiya ta faɗi, da saiti mai tsinke uku na yadi 20, 30 da 40. Ba ka faɗa ba, amma a shekara 52 ina zaton ka fara sa tabarau na karatu. In tsinkayen saiti sun yi maka dishi-dishi, akwai ɗan gilashin da ake sakawa a zoben leƙe na tsarkiya ya gyara su. Ka tambaya.

In kan bishiya za ka zauna, ɗamarar tsaro ta jiki duka da igiyar da ke riƙe ka tun daga ƙasa sun fi duk abin da na lissafa. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata mafarautan barewa a Amurka, kuma galibi a hawa ko sauka take faruwa. Tsohuwar ɗamararka da madaurin tsohuwar kujerarka ta kan bishiya sun ruɓe kamar tsarkiyar, ka rabu da su.

Batun halacci, abin da malaman fikihu suka tafi a kai shi ne ka ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya, kuma kaifinta ne zai huda ya zubar da jini. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta abin da makami ya huda da abin da ya buge da gefensa ya mutu, na farko ake ci. In ka iske ta da sauran rai tabbatacce, sai ka yanka, saboda haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ƙugunka. Akwai saɓani kan dabbar da ta ɓace maka ta kwana, mazhabar Malikiyya tana da tsanani a nan, ka zauna da malaminku a kai tun kafin ka fita.

Lokacin baka a Ohio yana buɗewa ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu. Kana buƙatar lasisin farauta da takardar izinin barewa, in gonar wani ce kuma sai da izininsa a rubuce. Ba a fafe gora ranar tafiya: ka sayi bakan tun Yuni, ka riƙa harba kibiya 15 zuwa 20 sau uku a mako, ka tsaya da zarar hannu ya fara rawa. Makonnin ƙarshe ka gwada da bakin farauta na gaske, cikin rigar sanyin da za ka sa, daga sama in daga sama za ka yi harbi. Nisan da kake zuba kibau biyar cikin faɗin tafin hannu a kai a kai, nan ne iyakarka ta bana, ko da yadi 20 ne.