Kafin ka miƙa wa malami, wa ya karanta maka?

Duk shekara idan lokacin rubuta furojet ya ƙarato, kukan ɗaliban yankinmu ɗaya ne: malami ya dawo da babi na ɗaya da jan biro tun daga sama har ƙasa, an rasa ta inda za a kama gyara. Haka 'ya'yan Funtua, Malumfashi, Bakori da Danja suke fama, ko suna Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma. Yawanci sukan ɗora laifin a kan ƙarancin Turanci. Akwai wannan, amma a ganina babbar matsalar ita ce babu mai ganin rubutun ɗalibi sai wanda zai ba shi maki. Malamin da ke riƙe da ɗaruruwan ɗalibai a darasin GST ba zai iya zama da kowa ya bi masa layi-layi ba. Daga nan sai yaro ya nufi shagon kwamfuta ya sayi tsohon furojet a sauya suna, ko ya sa ChatGPT ya rubuta masa. Ranar kare aikin kuwa, tambaya ɗaya ta isa ta sa shi yin tsuru-tsuru.

A farkon shekarun 1970, Kenneth Bruffee na Kwalejin Brooklyn a Amurka ya lura ɗalibai masu buƙatar taimako suna gudun wuraren da aka tanadar musu, amma suna sakin jiki da tsararsu. Sai ya fara horar da ɗalibai su riƙa duba rubutun junansu, kuma yau jami'o'i da dama a can suna da cibiyar wannan aiki. Mu ma abin ba baƙonmu ba ne. A makarantar allo, wanda ya yi gaba shi ke biya wa na baya karatu, ya saurare shi, ya tsayar da shi inda ya yi tuntuɓe, amma ba ya haddace masa.

Saboda haka ɗalibai, ku nemi juna mutum uku ko huɗu, kada ku wuce haka, ku tsayar da awa ɗaya a mako. Kowa ya zo da shafi ɗaya ko biyu, ya karanta da bakinsa a bayyane. Kunne yana kama jimlar da ta karye tun kafin ido ya gan ta. Idan ya gama, masu sauraro su faɗa masa da Hausa abin da suka fahimta. A ce ɗaliba tana rubutu a kan dalilin da ya sa manoman Malumfashi ke barin auduga suna komawa masara da waken suya. Ta karanta shafi biyu, ƙawarta ta ce, "Ni dai abin da na ji tarihin auduga ne, ban ji dalilin ba." To an gano ciwon ke nan. Sai a tambaye ta: manomi nawa kika zanta da su? Me suka ce game da kuɗin taki da maganin feshi? Farashin da kika kawo, daga wace kasuwa kika samo shi, a wane wata? Amsar da za ta bayar da baki ita ce sakin layin da ya ɓace. Gyaran nahawu da waƙafi a bar shi zuwa ƙarshe, domin ɓata lokaci ne a gyara jimlar da gobe za a cire ta.

Doka ɗaya ce ba a sassautawa: biro ya zauna a hannun mai rubutun. Da zarar aboki ya karɓa ya fara sake maka jimloli, an bar taimako an shiga satar amsa. Idan hutu ya raba ku, musamman da damina da kowa ke gona, a ɗauki hoton shafin a tura ta WhatsApp, a mayar da amsa da saƙon murya.

Shugabannin makarantunmu, har da makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua da makarantar ungozoma ta Malumfashi, ku ware ɗaki ɗaya, ku zaɓi manyan ɗalibai masu haƙuri maza da mata, ku horar da su, ku ba su ɗan alawus. Ku kuma ɗalibai, kada ku jira a buɗe ɗakin, ku fara a wannan zangon.