Kafin Ku Tsara Hutu a Tsibiran Girka, Ku San Halin Tekunsu

Sana'ata shirya wa mutane tafiya ce, daga tikiti da masauki zuwa takardun biza. A 'yan shekarun nan ana yawan zuwa mini da hotunan fararen gine-ginen Santorini masu shuɗiyar ƙubba, a ce in tsara hutun mako guda da za a zagaya tsibirai huɗu ko biyar. Abin da nake faɗa a ofis shi zan faɗa a nan, domin yawancin wahalar da mutanenmu ke sha a can, tun daga tsarin tafiyar take farawa.

Tsibiran Girka rukuni-rukuni ne. Santorini da Mikonos da Naksos da Paros da Milos rukuninsu ɗaya, a tekun Ejiyan, kuma jiragen ruwa na zirga-zirga tsakaninsu a lokacin hutu. Korfu da Zakintos kuwa suna yammacin ƙasar, a wani tekun daban, babu jirgin ruwan da zai ɗauke ku daga can kai tsaye zuwa Santorini. Don haka ku zaɓi rukuni ɗaya, kuma in mako guda gare ku, tsibiri biyu sun wadatar. Sauri ya haifi nawa. Babban jirgin ruwan kamfanin Blue Star yana cin kusan awa 8 daga tashar Pireyas ta birnin Atina zuwa Santorini, mai gudu kuma kusan awa 5. Ko tsakanin Paros da Naksos, da bai kai awa guda a kan ruwa ba, kafin ku bar otal, ku jira a tasha, ku nemi sabon masauki, rabin yini ya tafi. Ku duba tikiti da kyau, domin wasu jiragen Mikonos daga tashar Rafina suke tashi, ba Pireyas ba.

Babban abin da hoto ba ya nunawa shi ne iska. A watannin Yuli da Agusta akwai wata iskar arewa mai ƙarfi da suke kira meltemi, wadda kan yi kwanaki tana kaɗawa. In ta tsananta, ƙananan jirage masu gudu ake fara dakatarwa, kuma su suka fi jijjiga fasinja har amai. Shi ya sa ba na yarda in haɗa wa mutum jirgin ruwa da jirgin saman komawa gida a rana ɗaya. Ku dawo Atina kwana ɗaya kafin tashi, kuma ku tabbata kwanakin bizarku ta Shengen sun rufe wannan ranar. Mai tafiya wajen 15 ga Agusta, ranar babban bikin addininsu, ya sayi tikiti tun da wuri, don 'yan ƙasar ma duk tsibirai suke nufa.

Gaɓar teku ma kowacce da halinta. Yashin Kamari da Perisa a Santorini baƙi ne, na dutse mai aman wuta, da rana tsaka yana ƙona tafin ƙafa, kuma ruwan yana zurfi nan da nan. Jar gaɓar da ke kusa da Akrotiri duwatsu na gangarowa a kanta, akwai allunan gargaɗi a wurin. Mai iyali da yara ƙanana, Naksos nake ba shi shawara, musamman gaɓar Ayos Yoryos da ruwanta ba zurfi. Ku lura da wannan: idan meltemi na kaɗawa, gaɓar da ke kudancin tsibiri takan yi luf kamar ba komai, alhali iskar daga tudu take turawa zuwa tsakiyar teku. Yaron da ke kan robar iyo mai iska, cikin ɗan lokaci za ta yi nisa da shi. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga inda ruwa ya wuce ƙugu, ya zaɓi gaɓar da ke da mai ceto, in ya ga jar tuta ya haƙura. Lambar gaggawa 112 ce.

Kada kuma mu ce ai mun saba da rana. A watan Yunin 2024 Michael Mosley, likitan nan na talabijin ɗan Ingila, ya rasu a tsibirin Simi bayan ya fita tafiyar ƙasa cikin zafi. Iskar teku tana ɓoye ƙishi, ku riƙe ruwan gora, ku bar yawo da tsakar rana.

Sauran abubuwa biyu. Inshorar lafiya ta yuro 30,000 da ake nema wajen biza, sau da yawa ba ta biyan haɗarin babur mai ƙafa huɗu da ake bayarwa haya a tsibiran, ku karanta sharuɗɗanta kafin ku hau. Sannan gasasshen namansu, giros da suflaki, galibi na alade ne; ku tambaya, ko ku tsaya ga kifi.

Jama'a, ku rage yawan tsibirai, ku bar kwana ɗaya na ko-ta-kwana, ku sa ido a kan yara a bakin ruwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.