Tambaya da Amsa: In Ci Gaba da Cilla wa Mai Gudu, Ko In Koya Musu Fasin?

TAMBAYA

Ni malama ce a wata makarantar 'yan mata a Ƙaura Namoda. An ɗora mini kula da wasanni ba don na karanci fannin ba, sai don babu wadda ta yarda ta karɓa. Ina da yara 23, daga 'yar shekara 11 zuwa 15. Wasu 'yan cikin gari ne, wasu kuma iyayensu sun taso daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Sau biyu a mako muke buga ƙwallo a cikin katangar makaranta.

Cikinsu akwai wata 'yar wajen Moriki da Allah Ya yi wa gudu. In aka cilla mata ƙwallo gaba babu mai kamo ta, kuma da haka muka ci wata makarantar 'yan mata har sau biyu. Wani abokin aikina da ya taɓa buga ƙwallo ya ce kada in wahalar da kaina, a toshe baya kawai a riƙa ɗaga mata. Ni kuma ina kallon matan Barcelona a waya, yadda suke ba juna ƙwallo a ƙasa yana burge ni. Da na ce yarana su gwada, sai ƙwallo ta riƙa tsinkewa, aka zura mana uku, suka yi kwana biyu ba sa gaishe ni da fara'a. Wanne zan bi? Sannan iyayen yara biyu sun ce 'ya'yansu su daina.

Daga wata malama, Ƙaura Namoda

AMSA

Sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada.

Abokin aikinki bai yi ƙarya ba. In abin da ake so shi ne a ci wasan mako mai zuwa, dabararsa ta fi taki. Sai dai kafin ki yanke hukunci ina so ki yi wani ɗan aiki. A wasa na gaba ki ba wata ɗaliba da ba ta bugawa takarda da biro, ki nuna mata yarinya ɗaya daga cikin 'yan tsakiyarki, ki ce duk lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙafarta a ja layi. Na taɓa yin haka a bakin filin wata makaranta. Yarinyar da na zaɓa ta yi gudu har kallabinta ya jiƙe sharkaf, amma layukan da na ja ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma rabinsu duka ne kawai ta kai wa ƙwallon don ta rabu da ita. Sauran lokacin ta ƙare shi tana ɗaga kai tana kallon ƙwallo na wucewa ta samanta. Ƙungiyarsu ce ta ci a ranar. Ita dai ta koma aji da gajiya, ba ta ƙaru da komai ba.

Illar cilla wa mai gudu ke nan: yarinya ɗaya ake horarwa, ashirin da biyu suna rakiya. Ita ma mai gudun ana cutarta ba a sani ba. A shekara 13 ta fi kowa sauri, to amma tsararrakinta za su girma su kamo ta, kuma ranar da ta haɗu da 'yar baya mai irin gudunta za a tarar ba ta iya tare ƙwallo da juya ta ba, ba ta san yadda ake ɗaga kai a nemi abokiyar wasa ba, domin ba a taɓa buƙatar hakan daga gare ta ba.

Najeriya ma ta ɗanɗana wannan. Falconets, 'yan ƙasa da shekara 20, sun kai wasan ƙarshe na kofin duniya a 2010 da 2014, Jamus ta doke su duka biyun. Flamingos, 'yan ƙasa da 17, sun zo na uku a Indiya a 2022. Super Falcons kuwa sun ɗauki kofin Afirka karo na goma a Yulin 2025 a Rabat, bayan Maroko ta sha gabansu da biyu suka farke suka ci 3 da 2. Babu mai raina wannan. Amma a kofin duniya na manya, mafi nisan da muka taɓa zuwa shi ne zagayen 'yan takwas a 1999, ƙarƙashin marigayi Ismaila Mabo, mutumin Jos, inda Brazil ta fitar da mu da 4 da 3. A ganina wani ɓangare na dalilin shi ne ƙarfi da gudu suna cin kasuwa a ƙananan gasanni, in an je wurin manya sai a tarar kowa yana da su. Ki dubi Japan, waɗanda ba su da girman jiki: sun ɗauki kofin duniya a 2011 da gajeren fasin da natsuwa. Sifaniya kuwa a 2023 ta haɗa kofin manya da na 'yan ƙasa da 20 da na 'yan ƙasa da 17 a hannunta lokaci guda.

To, yanzu ke ma bari in taɓa ki kaɗan. Abin da kika gani a waya girbi ne, ba ki ga noman ba. Aitana Bonmatí da kike kallo ta fara buga ƙwallo tun tana 'yar ƙarama, ta shiga makarantar horon Barcelona tun ba ta kai shekara 15 ba, a fili mai laushi da ake ba ruwa. Naki filin na san irinsa: gefe ɗaya rairayi mai riƙe ƙwallo, gefe ɗaya tsandauri mai sa ta tsalle kamar kwaɗo, ga tsidau da ke aika ta wurin mai faci duk mako. Ki ce yarinyar da ta fara taɓa ƙwallo bara ta fito da ita daga gaban gola da fasin shida a irin wannan wuri, ai kin ɗora mata kayan da ba nata ba. Ƙwallo ukun da aka zura muku ba laifin yaran ba ne. Salo ba riga ba ce da ake sayowa a sa wa ƙungiya. Yana fitowa ne daga abin da ƙafafun yara suka iya, saboda haka daga ƙafafun za ki fara.

Lissafin mai sauƙi ne. Awa ɗaya, yara 22, ƙwallo ɗaya: ko da an raba daidai kuma ba ta taɓa fita waje ba, kowace ba ta samu minti uku ba. In kika raba su huɗu da huɗu, kowace ta haura minti bakwai. Don haka ki daina sha ɗaya da sha ɗaya a ranakun atisaye. Ki tsaga filin gida uku da toka ko takalman yaran, tsawon kowane kamar taku talatin, ki sa duwatsu biyu a matsayin raga, babu gola. A ƙaramin fili ba inda za a cilla ƙwallo, dole yarinya ta tare, ta kare da jikinta, ta yanke ko ta bayar. Kuɗin da za a kashe a jesi a sayo ƙwallaye da shi, ko na roba ne, kuma ƙananan yaran a nema musu lamba 4, domin lamba 5 ta yi musu nauyi. Katangar makarantar nan ma koci ce da ba ta karɓar albashi: yarinya ta buga mata da cikin ƙafa, ta dawo, ta tare, ta sake da hagu. Minti goma na wannan a kowane zama zai nuna kansa kafin zangon karatu ya ƙare.

Ita kuma 'yar Moriki, ki cire ta daga gaba na wani lokaci ki sa ta a tsakiya, inda za a kewaye ta ta ko'ina. Za ta ji haushi, ƙila ta yi kuka. Ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiya, cewa don ta fi su ne kike tsananta mata. Sauran ma kada ki liƙa wa kowa gurbi tun yanzu. Doguwar da kika mayar gola don tsawonta, wa ya sani ko ita ce mai rabon ƙwallon da kike nema? A ranar wasa kuma ban ce a haramta dogon bugu ba. In 'yan bayan abokan karawa sun taso sun bar fili a bayansu, wauta ce a ƙi cillawa. Abin da ake so shi ne yarinyar ta ɗaga kai ta gani sannan ta zaɓa, ba ta rufe ido ta doka don Malama na ihu daga gefe ba. Ki rage ihun ma. In an tafi hutun rabin lokaci ki tambaye su abin da suka gani kafin ki faɗi naki.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ba zan tsallake shi ba, wato gwiwa. 'Yan mata sun fi samari saurin tsinkewar jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki, musamman daga lokacin balaga, kuma yawanci ba karo ke jawo shi ba, dira ce ko juyawa da gwiwa ta karkato ciki. Wannan ba targaɗe ba ne da mai ɗori zai ja, aikin tiyata ne, kuma kin san nisan irin wannan aiki daga Ƙaura da abin da zai ci. Akwai tsarin ɗumama jiki na kimanin minti 20 da ake kira FIFA 11+, wanda aka gwada a Norway kan 'yan mata masu shekara 13 zuwa 17, aka wallafa sakamakon a 2008, ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya buƙatar kayan aiki, kuma hotunansa na nan a intanet. Wani ɓangarensa ma yaranki sun riga sun sani: tsalle da ƙafa ɗaya da suke yi a 'yar gala-gala. Ki zana musu gidajen a ƙasa, ki tsaya a gabansu ki lura, gwiwa ta sauka a lanƙwashe saitin yatsun ƙafa, kada ta faɗo ciki. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki ajiye randa ko jarka a bakin fili, a riƙa tsayawa ana sha. Wadda take al'ada ta ce ba ta jin daɗi, a bar ta ta huta ba tare da an tambaye ta a gaban jama'a ba. Wadda kuma kika ga tana yawan haki da jiri, a duba ta ko ƙarancin jini ne kafin a kira ta raguwa.

Batun iyaye shi ne mai nauyi, kuma a nan ina roƙonki ki taka a hankali. A farkon shekarar 2000, lokacin da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara, an ba da sanarwar hana ƙwallon mata a jihar, labarin har ya zaga kafafen duniya. Mutane ba su manta ba. Ga kuma sace ɗalibai mata da aka yi a Jangebe a Fabrairun 2021, wanda ya sa duk uban da 'yarsa ta yi jinkirin dawowa gida minti ashirin sai gabansa ya faɗi. Uban da ya ce 'yarsa ta daina ba lallai jahili ba ne, galibi tsoro ne da kunyar abin da maƙwabta za su ce. Saboda haka ki samu amincewar shugabar makaranta a rubuce, a kai maganar taron iyaye da malamai, a yi komai cikin katanga kuma cikin lokacin makaranta, babu 'yan kallo maza. Sutura ba matsala ba ce: dogon wando, riga mai dogon hannu, da ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba a sa masa fil. Dokokin ƙwallo na duniya sun amince da rufe kai tun 2014, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya da hijabinta. Ki nuna wa uwayen hotonta. Zancen ɗaukar yara a mota zuwa Shinkafi ko Zurmi don wasan sada zumunta kuwa, ki ajiye shi gefe tukuna, babu kofin da ya kai wannan kasada.

Kada kuma ki yi wa kowa alkawarin Turai. Asisat Oshoala, wadda ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, ta sha faɗa cewa iyayenta ba su so ƙwallonta ba da farko, amma ita a Legas ta taso, inda ƙungiya irin FC Robo take kusa da ita. Daga Ƙaura kuwa sai an je Lafiya wurin Nasarawa Amazons ko Yola wurin Adamawa Queens kafin a ga babbar ƙungiyar mata ta Arewa. Abin da za ki iya yi wa uwa alkawari shi ne lafiyar jiki, da yarinya mai ɗokin zuwa makaranta, da sharaɗin cewa wadda ta faɗi jarrabawa ba ta taɓa ƙwallo sai ta gyara. Gidajen nan biyu ki je da ƙafarki, ranar da ba makaranta, ki fara da uwa ko kaka kafin maigida. In sun ce a'a bayan haka, ki karɓa da fuska a sake, ki ci gaba da gaisawa da su. Yaran kuma kada ki bari a riƙa yi musu gori, ki ba ɗaya usur, ɗayar ki ba ta takarda da biron nan ta riƙa ja miki layukan 'yan tsakiya.