Darasi: Hakkin Mai Gona a Kan Lafiyar Ɗan Ƙwadago

Daga Funtua zuwa Malumfashi da wuya a sami gidan da ba ya ɗaukar ɗan ƙwadago da damina ko da kaka. Wanda ya ɗauki mutum aiki kuwa, ya ɗauki nauyin lafiyarsa. Littafin Kubawar Shari'a 22:8 ya ɗora wa mai gina gida wajibin yi wa rufinsa kariya domin kada wani ya faɗo, ba a bar wa baƙo wannan ba.

Mu dubi feshin maganin ciyawa. Sau nawa muke ganin yaro da injin feshi a baya, ba takalmi, ba safar hannu, magani yana ɗiga a rigarsa? Idan bakin injin ya toshe, sai ya hura da bakinsa. Paraquat, wanda manoma suka sani da sunan Gramoxone, ba shi da makari. Kurɓi ɗaya na iya kashe mutum. Mai gona ne zai sayi takalmin roba da abin rufe hanci, ya tanadi ruwa da sabulu, ya hana feshi cikin iska ko tsakar rana. Kwalbar da ta ƙare kada ta koma ɗakin girki.

Haka ma injin casar masara: a rufe bel ɗinsa, kada mai babbar riga ya matsa kusa.

A masana'antun gurzar auduga kuma, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi ga hukumar NSITF. Ma'aikaci ya tambaya ko an yi masa rajista.