Darasi na Bakwai: Kason Mai Gina Jiki a Cikin Kwanon Tuwo

Lokaci: minti 40, bayan an gama zubi an rufe akwati.
Kayan aiki: tsakuwa 20, faifai ɗaya, busasshen warangi cikin tafin hannu.

'Yan uwana mata, mu a ƙungiya babu wadda ba ta san kaso ba. Ranar rabo kowace mace tana karɓar nata gwargwadon abin da ta zuba. To, abincin da muke ci ma yana da kaso. Yau za mu duba kaso ɗaya a cikinsa, wanda rashinsa ya taɓa cinye mini jarina.

Abin da ya same ni

Gidanmu gidan kamun kifi ne a gefen tafkin Kainji. Ni da hannuna nake shanya kifi, in bandace shi, in kai kasuwar Yelwa. Amma da na yaye ɗana na uku, koko da sukari nake ba shi safe da yamma, da rana kuma garin kwaki ko ɗan tuwo da romon miya. Kifi na sayarwa ne, ba na taɓawa ba. Da ƙafafunsa suka fara cika, sai na ɗauka ƙiba ce. Wata 'yar ƙungiyarmu ce ta danna bayan ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ce, "Yaya, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ki kai shi asibiti yau." Ya warke, amma bashin da na ci a asusu domin mota da jinya ya kai ni har ƙarshen zagaye ina biya, ga sana'a ta tsaya. Cikinsa bai taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ya rasa shi ne abincin da ke gina jiki.

Itace da tubali

Mai gina ɗaki yana buƙatar tubali, mai girki tana buƙatar itace. Jiki yana son duka biyun. Sitaci, sukari da mai su ne itacen da jiki ke ƙonawa ya samu kuzari. Furotin shi ne tubalin da ake gina tsoka, jini, fata da gashi da shi. Ana auna kuzarin abinci da kalori. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, na sitaci ko sukari kalori 4, na mai kuma kalori 9.

A shekarar 2003, masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona sun ba da shawara cewa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana ya fito daga furotin. Ku zuba tsakuwa 20 a faifai, ku ce wannan shi ne duk kuzarin abincin yini. Ku ware 2 ko 3 gefe. Wannan ne kason furotin. Ba shi da yawa, amma idan babu shi sauran 17 ɗin ba za su yi aikinsa ba.

Kason da ke cikin abincinmu

Ga kusan abin da kowane abinci ke bayarwa a cikin tsakuwa 20:

Garin kwaki: bai kai rabin tsakuwa ba.
Sukari, manja da man gyaɗa: babu ko kaɗan.
Farar shinkafa: ɗaya da rabi.
Masara: biyu.
Gero da dawa: biyu da ɗan ƙari.
Gyaɗa: uku da rabi, ƙuli-ƙuli kuma ya fi haka tunda an matse mai.
Wake: biyar.
Waken suya: shida.
Busasshen kifi: fiye da goma.

Wata za ta ce, ai gero ya cika biyu, ke nan tuwon gero ya isa. A'a. Furotin na hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda yaro ke buƙata don girma. Wake, kifi, ƙwai da nono suna da shi sosai. Shi ya sa garau-garau ya fi shinkafa zalla, fura da nono ta fi fura da ruwa. Ku kuma lura: duk man da aka zuba da sukarin da aka ƙara suna ƙara yawan tsakuwa ne, ba sa ƙara kason furotin.

Mu yi lissafin kwano ɗaya

A ɗauki shinkafa giram 200, wato gwangwanin madara ɗaya da ɗan ƙari, a yi tuwo. Tana da kalori kamar 720 da furotin giram 14. A yi miyar kuka da manja cokali biyu, kalori kamar 225. Jimla 945. Furotin giram 14 sau 4 ya ba da 56. Ke nan kashi 6 ne kawai cikin 100, tsakuwa ɗaya da ɗan ƙari. An ƙoshi, amma kaso bai cika ba.

Yanzu a daka busasshen warangi cikin tafin hannu, kamar giram 30, a zuba a miyar. Ya ƙara furotin kamar giram 18 da kalori kamar 100. Furotin ya zama giram 32, sau 4 ya ba da 128, a cikin kalori 1,045. Kaso ya tashi zuwa kashi 12. Tafin hannu ɗaya ya ninka shi. Kuma tunda ana cin warangi da kai da ƙaya, yana ƙara wa yaro abin ƙarfafa ƙashi.

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin nan yake ciyar da garuruwa masu nisa. Daga Yauri, Wara da ƙauyukan Shanga ana loda kwandunan tarwaɗa, karfasa da warangi zuwa wasu jihohi. Bai kamata 'ya'yan masu shanya kifin su zama su ne ba sa ci ba.

Wa ya fi buƙata?

Babbar mace mai nauyin kilo 55 tana buƙatar furotin kamar giram 46 a rana. Mai ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe, da mai shayarwa suna buƙatar fiye da haka. Jariri nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6. Daga nan sai a ci gaba da shayarwa, a riƙa ba shi kunu mai kauri da aka zuba wa garin kifi, gyaɗa ko waken suya. Cikin yaro ƙarami ne. Idan ruwan koko ya cika shi, babu wurin tubali. Mu kuma daina tsoron ba yaro ƙwai. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba.

Kada kuma wata ta rage tuwo don ta sayi kifi. Idan itace bai isa ba, jiki yakan ƙona furotin ɗin a madadinsa. Duka biyun ake so.

Abin da za mu fara a wannan mako

1. Kafin a auna kifin sayarwa, a cire kason gida, kamar yadda muke cire kuɗin zubi kafin cefane.
2. A shanya kifi a kan raga ko daro mai tsabta, ba a kan yashi ba. Kada a taɓa fesa masa maganin ƙwari.
3. A daka shi, a tankaɗe, a ajiye a kwalba busasshiya mai murfi. Cokali ɗaya a kunun yaro kullum.
4. A raba wa ƙananan yara nasu kwano, da nasu kifin ko waken, kada manya su riga su.
5. Waɗanda ke nesa da ruwa su riƙe wake, ƙuli-ƙuli, awara da nono. A sayi wake da kaka a adana, kafin ya yi tsada da damina.

Idan kika ga ƙafafun yaro biyu sun kumbura, gashinsa ya yi ja yana zubewa, ko ya rame ya ƙi cin abinci, wannan alamar tamowa ce mai tsanani. Garin kifi ba zai warkar da ita ba. A kai shi asibiti a ranar, kuma ƙungiya ta taimaka da kuɗin mota daga asusun jin ƙai.

Tambayoyin tattaunawa

Me ƙaramin yaron gidanki ya ci jiya, daga safe zuwa dare? Tsakuwa nawa za ki ware masa a faifai?
A gidanku, wa ake fara zuba wa kifin miya, wa ke samun romo?
Mata nawa ne a nan za su haɗa kuɗi su sayi buhun wake da kaka?

A taro mai zuwa kowace ta zo da kwalbar garin kifinta ko na wakenta, mu gani kafin a buɗe akwati.