Amsoshin Tambayoyinku: Ko Ƙauyukanmu Sun Yi wa Turawa Tirjiya?

Tambaya: Na karanta yadda manoman ƙauyukan Albaniya suka tari sojojin Sabiya a 1912. Shin mu nan ƙasar Gombe an yi irin haka, ko kuwa Bature na zuwa aka miƙa wuya? Daga wani mai karatu a GRA, Gombe.

Amsa: Malam, mun gode da wannan tambaya. Abin da ka karanta gaskiya ne. A watan Nuwamba na 1912 mutanen yankin Luma, mazauna kan duwatsu, sun tare wa rundunar Sabiya hanya tana neman kaiwa bakin teku, kuma a 1913 sojojin suka rama da ƙone ƙauyuka da kashe jama'a. To amma ba sai ka je Turai ba. Kama hanyar Bajoga, ka shiga ƙaramar hukumar Funakaye, ka tambayi inda Bormi take, kusa da Ashaka da kogin Gongola.

Bormi ba birnin sarauta ba ce. Gari ne mai ganuwa na almajirai da manoma da makiyaya, waɗanda suka taru a hannun Malam Jibrilla Gaini, mai wa'azin zuwan Mahadi. Ƙarfinsu ya kai har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa wajen yaƙarsu a 1888. A 1902 Turawa suka kama Malam Jibrilla suka kai shi Lakwaja, suna tsammanin an gama. Ba a gama ba, domin jama'ar na nan, kuma ba ta sauya ra'ayi ba.

Sai ga 1903. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas. Duk inda ya ratsa, talakawa na barin gonakinsu ana dab da shuka, suna bin sa da mata da yara da dabbobi. Wannan shi ya fi tayar wa Turawa hankali, domin ƙasar da suka ci tana neman zama kango a hannunsu.

Ranar 13 ga Mayu, Kyaftin Sword, da ke bin sawun masu hijirar, ya iso ƙofar Bormi da sojoji da bindiga mai ruwa. Mutanen gari suka hana shi shiga. Aka yini ana gwabzawa, su da kwari da baka da masu da takubba, har ya janye zuwa Bauchi da tarin masu rauni. Ina so ka tsaya a kan wannan rana, Malam, domin ita ce ainihin amsar tambayarka. Manyan birane masu dawaki da sulke sun faɗi cikin sa'o'i kaɗan, amma wannan ƙaramin gari ya mayar da rundunar Bature baya. A ganina ba mu ba wannan rana haƙƙinta ba. In an ambaci Bormi, sunan Sarkin Musulmi kaɗai ke fitowa, alhali masu garin su suka buɗe ƙofa ga baƙi 'yan hijira, suna sane da abin da hakan zai jawo musu.

Turawa suka sake shiri, suka dawo ranar 27 ga Yuli da runduna mafi girma da igwa, ƙarƙashin Manjo Marsh. Kibiya mai dafi ta kashe shi Marsh ɗin. Aka yi yaƙi lungu-lungu har yamma. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, gawawwakin mabiyansa kewaye da shi, kuma waɗanda suka mutu a ranar sun haura 600. Aka ƙone garin. Kabarin Attahiru da na Marsh duk suna wurin har yau.

Da yawa daga waɗanda suka tsira ba su dawo ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja su har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kusa da Sennar, kuma zuriyarsu na can.

Bormi ba ita kaɗai ba ce. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, ƙauye kusa da Sakkwato, suka fito da gatura da fartanyu suka kashe Turawa uku da sojojinsu da dama. A watan Maris aka shafe ƙauyen daga doron ƙasa, da hannun dakarun Sakkwato a ciki, abin da har yau yake da nauyin faɗa.

Shi kansa garin da ka rubuto mana daga cikinsa, bayan yaƙin Bormi ya samu matsayinsa. Da Turawa suka natsu da mulki, sai suka ɗauke fadar Sarkin Gombe daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sannan zuwa Doma a 1919, zamanin Sarki Umaru ɗan Kwairanga. Doma ɗin ita ce Gomben yau.