Shirin Hidimar Ubangiji Daga Gida Yake Farawa: Shawarwari Ga Iyalai

In aka ce wane ya sami kira, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne makarantar koyon Littafi Mai Tsarki, Kagoro ko Bukuru ko Jos, daga nan sai kwala a wuya da tsayuwa a mumbari. Makarantun nan suna da amfaninsu, ba mai musu. Sai dai wanda ya buɗe 1 Timoti sura 3, inda manzo Bulus ya jera sharuɗɗan mai kula da ikkilisiya, zai ga kusan dukansu halaye ne da matar mutum da 'ya'yansa da maƙwabtansa suka fi kowa sani: yadda yake riƙe gidansa, ko yana karɓar baƙi, ko mafaɗaci ne, ko kuɗi sun rufe masa ido. Iya koyarwa abu ɗaya ne kawai a cikin jerin. Hidimar kuwa ba ta masu kwala kaɗai ba ce. Malamar firamare da manomi da ma'aikaciyar jinya da tela duk suna da rabonsu. Ga wasu shawarwari ga iyalan da ke so Ubangiji ya same su a shirye ranar da ya buƙace su.

1. Ku tsayar da lokacin sujadar iyali, ku kuma gajarta ta. Gidaje da yawa kan fara ta da zafi a watan Janairu, kafin Ista ta mutu murus. Tsawo ne ke kashe ta. Maigida ya buɗe Littafi ƙarfe tara na dare, ya kama wa'azin minti 40, yara na gyangyaɗi, hankalin uwargida na kan kwanukan da ba a wanke ba. Minti 15 sun isa: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, gajeren karatu, tambaya ɗaya ko biyu, sai addu'a. A zaɓi lokacin da kowa ke gida, ko da sassafe kafin a watse, ko da zarar an tashi daga tuwon dare, a tara wayoyi a faranti ɗaya har sai an ce amin. In an ɗauke wuta, tocila ta wadatar. Jagoranci kuma ya riƙa zagayawa: yau Baba, gobe Mama, jibi ɗan aji huɗu wanda zai yi ta tuntuɓe a kan sunan Nebukadnezzar. A ƙyale shi ya yi tuntuɓen, kada manyan yara su yi masa dariya. In maigida yana aikin dare ko ya yi tafiya, kada a ce sai ya dawo. Timoti da Bulus ya damƙa wa ikkilisiyar Afisa, a hannun kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya fara sanin bangaskiya.

2. Ku karanta Littafi Mai Tsarki da tsari. A daina buɗe shi da ka, duk inda yatsa ya sauka a ce shi ne saƙon yau. Sabon Alkawari sura 260 ne. Sura ɗaya kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, mako 52 an gama. Mai son ya ratsa littattafai 66 gaba ɗaya, wato surori 1,189, sura uku kullum da biyar ranar Lahadi za su kai shi ƙarshe cikin shekara. Gidan da ke da ƙananan yara gara ya fara da Bisharar Markus: sura 16 ce, labari na bin labari. A kuma karanta da harshen da kowa ke ji har zuci. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller ya yi shekara da shekaru yana fama da shi, saboda haka ba dalilin da za a zauna ana karanta wa kaka Turancin da ba ta ji don a nuna an yi boko. Ezra 7:10 ya nuna tsarin da Ezra kansa ya bi: ya fara da nazari, ya aikata, sa'an nan ya koyar. Mu mun fi son mu tsallake na tsakiyar. Shi ya sa ya kamata kowane karatu ya ƙare da tambaya ɗaya: "To, me za mu yi da wannan kafin gobe?"

3. Ku ba addu'a lokacinta kafin ku ɗauki aiki. Labarin rushewar garun Urushalima ya iske Nehemiya a Shushan cikin watan Kisle, amma bai buɗe baki a gaban sarki Artashate ba sai watan Nisan, wajen wata huɗu ke nan yana kuka da azumi da addu'a. Ginin garun kansa kwana 52 ya ɗauka. Ku kuma lura da abin da ya faru da sarki ya tambaye shi bukatarsa. Bai yi inda-inda ba. Ya faɗi tsawon lokacin da zai yi, ya nemi wasiƙu zuwa ga masu mulkin yankunan da zai ratsa, ya nemi katako daga wurin Asaf mai tsaron kurmin sarki. Ashe yana addu'a yana lissafi.

A gida, littafin rubutu mai ganye 40 ya isa. A raba kowane shafi uku: kwanan wata, roƙo, amsa. A sa sunayen da ba na gidan ba, kamar mai bishara da ke wani ƙauye ba albashin kirki, da gwauruwar da ke bayan layi, da masu mulki ko da ba ku zaɓe su ba. A ƙarshen shekara a buɗe a karanta wa yara abin da aka amsa da abin da ake jira. Wani abin da ya yi yawa a zamanin nan shi ne addu'ar da daga farko har ƙarshe kiran wuta ce a kan maƙiya. Yaron da ya tashi yana jin wannan kowace safiya zai girma yana zargin gwaggonsa da maita, kuma da wuya ya iya yi wa kowa hidima da zuciya ɗaya.

4. Ku gyara tsakaninku. A Matiyu sura 5 Yesu ya ce wanda ya kawo baikonsa, ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Muna jin wannan a wa'azi, muna gyaɗa kai, mu koma gida inda wa da ƙane suka shekara ba sa gaisawa a kan gonar gado. Akan ga mata biyu a Zumuntar Mata, anko ɗaya, waƙa ɗaya suke rerawa, amma ba sa ga maciji da juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku ɗauki makon da za a ci Jibin Ubangiji a matsayin wa'adi: kafin Lahadin ta zo, wanda ke da magana da wani ya taka ya same shi, ido da ido, ba ta saƙon waya ba. In ta ƙi ci, a kira dattijo ɗaya mai riƙe sirri. Iyaye ma su koyi cewa, "Ɗana, na yi maka faɗa ba da laifinka ba, ka gafarta mini." Girman uba ba ya zubewa don wannan. Amma sulhu ba rufa-rufa ba ne. Inda ake duka ko cin zarafin yaro, a fito da maganar gaban dattawa da waɗanda ke da ikon tsawatawa, kada a ce wa wadda ake duka ta ƙara haƙuri.

5. Ku tsabtace hannunku a kan kuɗi. Bulus ya shawarci Korantiyawa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada a tsaya tarawa sai ya iso. Mai albashi ya cire zakkarsa ranar da kuɗi suka shigo, manomi ya ware nasa buhun tun a masussuka, kafin masu bin bashi da masu biki su ji labari. Bashi kuma a biya. Wanda ya kwashi adashi ya daina zubi, ko yake sauya hanya don kada ya bi ta gaban mai kanti, bai shirya riƙe asusun ikkilisiya ba ko da ya fi kowa iya addu'a. Haka nan kada a ɗauki kuɗin makarantar yara a kai wa mai sayar da man shafawa da alkawarin buɗi, domin 1 Timoti 5:8 ya yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da iyalinsa. Kuɗin baikon da ake ba yara ranar Lahadi ma a riƙa bin sawunsa, don sau da yawa wurin mai alawa yake ƙarewa.

6. Ku fara da aikin da ba wanda ke rububinsa. Sa'ad da gunaguni ya tashi a ikkilisiyar Urushalima kan rabon abincin gwauraye, mutum bakwai aka zaɓa, aka kuma sa sharaɗin su kasance masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Don rabon abinci fa. Daga cikinsu Istifanas da Filibus suka fito. Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da rigimarsa da 'yan'uwansa ta taso, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma abin da ya cika tsakanin shi ne kula da gidan wani da kula da fursunoni. To, iyali ya ɗauki aiki ɗaya ya riƙe: sharar majami'a ranar Asabar, jera kujeru, koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi, ko kai wa marar lafiya kunu a asibiti. A nan ne iyaye za su gane baiwar kowane yaro, su ga wanda ke da haƙuri da tsofaffi da wadda lissafi ba ya kuɓuce mata. Kada a tilasta wa yaro aikin fasto don wani alkawari da aka yi tun yana ciki, kada kuma a hana wanda ke da kiran don ana hangen aikin banki.

7. Azumi a yi shi don neman nufin Allah, a kuma yi shi a asirce kamar yadda Matiyu sura 6 ta koyar. Ko na kwana 40 kafin Ista ne, ko na yini ɗaya da iyali suka zaɓa, abincin da aka rage a kai wa mai bukata, abin da Ishaya sura 58 ke nufi ke nan. Mai ciki, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai ciwon suga ko gyambon ciki, kada a ɗora musu.

8. In wani a gidan ya ce Allah na kiransa, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. A Antakiya ikkilisiya ce ke sujada da azumi sa'ad da Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, ita ce kuma ta ɗora musu hannu ta sallame su. Mafarki ɗaya bai isa mutum ya ajiye aikinsa ba. A je wurin Baba Fasto da dattawa, a yarda su ce "a dakata." Miji ya zauna da matarsa, ba don ya sanar da ita ba, don ya ji ta bakinta, tunda ita ma za ta bar danginta ta tafi inda rijiya ke da nisa, makarantar yara ba tabbas. A yi lissafin nan a fili. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da nufin kawo bishara cikin ƙasar nan. Kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu. Bingham ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya mai da shi gida, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aikin ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ke tsammanin kira na nufin komai zai tafi sumul, ya karanta tarihin ikkilisiyarsa tukuna. Wanda kuma ya taɓa ja da baya kada a shafe sunansa: Markus ya bar su Bulus a tsakiyar tafiya, amma a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti Bulus da kansa ya ce a zo masa da shi domin yana da amfani.

9. Ku buɗe ƙofarku. Akila da Bilkisu masu ɗinkin tanti ne, ikkilisiya kuma a gidansu take taruwa. Da suka ji wa'azin Afolos da saura, ba su tsinka shi a gaban jama'a ba, suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta taso daga Jos a farkon shekarun 1960, da ƙananan tarurrukan addu'a a gidaje ta bazu. Gidanku ma zai iya ɗaukar ɗalibin da ya zo jarrabawa ba shi da masauki, ko iyalin da rikici ya koro daga ƙauyensu. Maƙwabtanku, Kirista da Musulmi, su ne ke ganin shaidarku daga Litinin zuwa Asabar. Ku je gaisuwar rasuwa da barkar haihuwa, ku aika da shinkafar Kirsimeti, ku mayar da turmin da kuka ara, ku hana kwatarku malala ƙofar wani. Ku fara da gidaje uku da suka fi kusa da ku, ku kuma tabbata kun san sunayen 'ya'yansu.